Baƙin zaren da ya ƙi zama baƙi

Duk uwar da ta taɓa shirya ɗakin amarya ta san wannan takaici. An zaɓi labule a kasuwa, launinsa ya yi kyau a hannun mai sayarwa, amma da aka rataya shi kusa da bangon da aka yi wa fenti sai ya zama kamar wani daban. Akan zargi ɗan kasuwa da sauya kaya. Kusan shekara 200 da suka wuce, irin wannan zargi ya faɗa kan marina a birnin Paris, kuma daga nan aka samo ɗaya daga cikin manyan ƙa'idojin haɗa launi.

A 1824 aka naɗa wani masanin sinadarai, Michel-Eugène Chevreul, shugaban sashen rini na masaƙar Gobelins, inda ake saƙa manyan zannuwan bango na fadar Faransa tun 1662. Masaƙa suna ƙorafin cewa baƙin zaren da marina ke ba su ba ya da ƙarfi, musamman in an saƙa shi kusa da shuɗi ko shunayya. Chevreul ya gwada zaren da baƙaƙen wasu wurare, ya tarar rinin lafiyarsa lau. Matsalar tana cikin idon mai kallo. Idan launi biyu suna gefe da gefe, ido yakan shafa wa kowanne ɗan kishiyar maƙwabcinsa. Kishiyar shuɗi ruwan goro ne, don haka baƙin da ke jikin shuɗi sai ya ɗauki ɗan ja-ja, ya yi kamar ya koɗe.

Tun 1704 Isaac Newton ya jera launuka bakwai a da'ira a littafinsa kan haske, amma shi hasken ne ya dame shi. Chevreul kuwa kaya ne a gabansa. Littafin da ya fitar a 1839 ya bi ta kan darduma, kujeru, bangon ɗaki, tufafi, har da shuka furanni, kuma ya tsara da'ira mai launi 72. A kanta ja yana fuskantar tsanwa, shuɗi yana fuskantar ruwan goro, rawaya tana fuskantar shunayya. Kishiyoyi in sun haɗu kowanne yakan ƙara wa ɗan'uwansa ƙarfi, launuka maƙwabta kuma sukan zauna lafiya, ba mai ɗaga murya.

Abin da ya fi burge ni shi ne bayaninsa kan mai sayen yadi. Wanda ya daɗe yana duba jajayen yadudduka ɗaya bayan ɗaya zai ga na ƙarshen sun dushe, alhali rininsu ɗaya ne, domin idonsa ya gaji da ja. Maganin shi ne a nuna masa tsanwa a tsakani. Wanda ya taɓa raka mata sayen atamfa a babbar kasuwar Maradi ya san yadda ta goma takan sha raini ba da laifinta ba.

A ganina wannan darasi ya fi dacewa da aji fiye da haddace sunayen launuka. Malam ya yanka takarda toka-toka gida biyu, ya ɗora ɗaya kan ja, ɗaya kan tsanwa. Yara za su rantse takardun ba iri ɗaya ba ne: ta kan ja ta yi tsanwa-tsanwa, ta kan tsanwa ta yi ja-ja. A gida ma haka take. Jeren jajayen kwanoni ya fi fitowa a jikin bango mai tsanwa mara kauri, kuma farin layi tsakanin launi biyu masu faɗa yakan raba su. Kafin a biya kuɗin fenti, a shafa kaɗan a bangon, a kanga masa ƙyallen labulen, a duba da hantsi, a sake dubawa da dare a hasken fitila.