OBS Studio

OBS Studio manhajar kwamfuta ce ta kyauta da ake naɗar abin da ke kan allo da ita, musamman wasannin bidiyo, ko a watsa shi kai-tsaye a YouTube, Twitch da Facebook. Lain Bailey ne ya fara ƙirƙirar ta a shekarar 2012 da sunan Open Broadcaster Software. An fara sake rubuta ta a 2013, kuma yanzu tana aiki a kan Windows, macOS da Linux. Lambobin gininta a buɗe suke ƙarƙashin lasisin GPL.

Manhajar na haɗa hoton wasa, kyamara da muryar makirufo a waje guda. Tana iya ɗora aikin matse bidiyo a kan katin hoto ta hanyar NVENC na Nvidia ko Quick Sync na Intel, don kada wasan ya riƙa sarƙewa. Naɗa ba ya buƙatar intanet. Idan aka zaɓi tsarin MKV, abin da aka naɗa ba ya lalacewa ko da wuta ta ɗauke, saɓanin MP4 na gargajiya. OBS ba ta sanya tambari a kan bidiyo, kamar yadda manhajar Bandicam ta kyauta ke yi.