Kami: 'Yar Tsanar Da Ta Ɗauki Maganar Da Manya Suka Kasa

Makalarmu ta wannan mako a kan wata 'yar tsana ce da ta shekara fiye da ashirin tana fitowa a talabijin, har ta iso gidajenmu tana magana da Hausa. Sunanta Kami.

Asalin gidansu shi ne shirin Sesame Street, wanda aka fara nunawa a Amurka ranar 10 ga Nuwamba, 1969. Joan Ganz Cooney da Lloyd Morrisett ne suka assasa shi, Jim Henson kuma ya ƙera 'yan tsanar. Manufarsu ita ce yaran talakawa su koyi baƙaƙe da ƙirga kafin su shiga aji ɗaya. A 2000 Afirka ta Kudu ta samu nata reshen, Takalani Sesame.

A lokacin ƙanjamau na ɗibar rayuka a ƙasar, marayu sun yi yawa, mai cutar kuma ana gudunsa. A 2002 masu shirin suka fito da Kami: yarinya 'yar shekara 5, mai gashi ruwan ɗorawa, wadda ta ɗauki ƙwayar cutar tun tana jaririya ta hanyar ƙarin jini, mahaifiyarta kuma ta rasu. Sunan ya fito ne daga Kamogelo, kalmar Setswana mai nufin karɓa hannu bibbiyu. Ba a yi ta ramammiya ko mai yawan kuka ba. Wasa take yi, ga tambaya, ga dariya. Yaro mai kallo sai ya gane da kansa cewa cin abinci tare da irinta ko rungumarta ba ya kawo cuta.

Tun kafin ta fito, wasu 'yan majalisar Amurka suka rubuta wa tashar PBS takardar ƙorafi, tashar ta amsa cewa Kami ba za ta shiga shirin Amurka ba. A 2003 kuwa UNICEF ta naɗa ta jakadiyar yara.

A watan Mayun 2011 NTA ta fara nuna Sesame Square, reshen Najeriya, da kuɗin hukumar USAID. Aka haɗa Kami da Zobi, shuɗin ɗan tsana direban tasi wanda bai da magana sai ta doya. An ba shi doya ne a madadin biskit ɗin da takwaransa na Amurka ke haukacewa a kai. Shirin ya taɓo gidan sauro da zazzaɓin cizon sauro, karatun 'ya'ya mata, da daina ƙyamar masu ƙanjamau. Daga baya aka juya shi zuwa Hausa da sunan Dandalin Sesame, tashar Arewa24 ta nuna shi.

To, mu me ya shafe mu? Abu uku.

Na farko, Kami ta daɗe ne saboda tana da hali nata. Da a ce cutar ce kaɗai labarinta, da fitowa biyu ta ishe ta. Yawancin labaran yaran da muke turowa nan wa'azi ne aka ɗora wa suna: Audu ya ƙi jin magana, Audu ya karye, ƙurunƙus. Yaro kan shinshino wa'azi tun daga layin farko.

Na biyu, juya murya ba ya mayar da labari namu. Zobi ya koma yin Hausa, amma har yanzu doya yake so. Yaron Zaitawa kuwa da awara da ƙuli-ƙuli da gurasa ya tashi. Alhali muna da Gizo da Ƙoƙi, waɗanda suka riga talabijin zuwa, muna da tashe da yaran cikin ganuwa ke yi daga goma ga azumi, su yi gemun auduga su kwaikwayi tsofaffi. Kano tana da tashar jiha tun 1982, CTV 67 wadda yanzu ake kira ARTV, ga Kannywood a gefe. Kayan aiki ba su ne matsalarmu ba.

Na uku, wanda ya biya kuɗi shi ke zaɓar darasi, kuma yakan tafi. A 2025 gwamnatin Amurka ta rushe USAID. Idan muka tsaya jiran wata hukuma ta dawo kafin yaranmu su samu abin kallo da harshensu, to katun ɗin ƙetare a wayar iyayensu ne zai ci gaba da renonsu.

Akwai maganganun da mu ma muke jin nauyin yi da yara: sikila, shaye-shayen yayyensu, rasuwar uwa wajen haihuwa, almajirin da ke wanke kwanukan gidansu. Kowannensu na jiran wani ɗan tsana mai suna da hali da abin dariya. Kafin a ɗinka shi, sai wani ya zauna ya rubuta shi, wannan kuwa aikinmu ne.

Aikin wannan mako: kowa ya ƙirƙiro tauraro ɗaya na 'yan shekara 4 zuwa 7. A faɗi sunansa, unguwarsu, abin da ya fi so, abin da yake tsoro, da magana ɗaya mai nauyi da zai iya ɗauka ba tare da ya daina ba yara dariya ba. Allah Ya yi mana jagora.