Daga Ƙofar Nassarawa Zuwa Ƙofar Kudu

Mutumin Fassi in ya shiga birnin Kano ta Ƙofar Nassarawa, titin zai kai shi har Ƙofar Kudu. Daura da ita Gidan Makama yake, inda Muhammadu Rumfa ya zauna kafin ya hau gadon sarauta a 1463. Turawa sun mai da shi ofis bayan 1903. Yau gidan tarihi ne, sai dai ƙalilan cikinmu ke leƙa shi. Rumfa ne ya gina fadar, kuma shi Shaihu Maghili ya rubuta wa nasihar mulki. Masallacin Juma'a na jikin fadar kuwa ginin zamanin Sarki Abdullahi Bayero ne. A nan aka kashe masallata ranar Juma'a, 28 ga Nuwamba 2014. Allah Ya jiƙan su.