Rayuwar Talaka a Lokacin Juyin Mulki: Daga Masar Zuwa Zangon Kumasi

Littattafan tarihi sukan rubuta ranar da gwamnati ta faɗi da sunan wanda ya kifar da ita. Abin da ba su cika rubutawa ba shi ne yadda mutanen unguwa suka ci abinci, suka kwana, suka binne mamatansu a waɗancan kwanaki. Suratu Ƙuraish ta haɗa ni'ima biyu wuri guda, ciyarwa daga yunwa da aminci daga tsoro, kuma su ne farkon abin da ke girgiza idan mulki ya girgiza.

Masar misali ce bayyananna. Misirawa suna kiran burodi "aish", wato rayuwa. A shekara ta 29 ta mulkin Fir'auna Ramsis na Uku, fiye da shekara dubu uku da suka wuce, ma'aikatan Deir el-Medina da ke haƙa kaburburan sarakuna sun ajiye aiki saboda an jinkirta musu rabon hatsi. A Janairun 1977 gwamnatin Anwar Sadat ta janye tallafin kayan abinci, gari ya rikice, cikin kwana biyu ta janye matakin. A juyin da ya fara ranar 25 ga Janairu 2011, 'yan sanda sun ɓace daga titunan Alƙahira ranar 28 ga wata. Sai kowace unguwa ta kafa kwamitinta, matasa suna tsaron bakin layi da sanduna har gari ya waye. Hukuma ta tafi, maƙwabtaka ce ta riƙe gari.

Mu mutanen Zango mun san wannan, kuma namu tsarin yana da tushe mai nisa. Zango asalinsa wurin da ayarin fatake ke sauka. Fataken Kano da Katsina sun daɗe suna zuwa Salaga da kanwa da tufafi, su koma da goron Asante. A kowane zango akwai mai gida, wanda ke saukar da baƙo, ya ajiye masa kaya, ya haɗa shi da dillali, ya tsaya masa idan bashi ya shiga. Akwai liman, akwai sarkin zango mai magana da masu ƙasa. Tsari ne na mutanen da suka san cewa sarautar ƙasar ba a hannunsu take ba, kuma tana iya sauyawa dare ɗaya.

Ta kuwa sauya. A 1874 Turawan Ingila suka ƙone Kumasi, ikon Asante a kan arewa ya karye. A 1892 yaƙin basasa ya watsa Salaga, mutanenta suka bazu zuwa Kete Krachi da Yeji da Kintampo da sauran wurare. Alhaji Umaru, haifaffen Kano wanda ya rasu a Kete Krachi a 1934, yana cikin waɗanda suka bar garin, kuma ya rubuta abin da ya gani cikin waƙa. Bayan kama Asantehene Prempeh na Ɗaya a 1896 da yaƙin Yaa Asantewaa a 1900, Zangon Kumasi ya cika da fatake da tsofaffin sojoji da malamai, Hausawa da Mosi da Wangara da Yarabawa da sauransu. Duk inda suka sauka, masallaci da makarantar allo da gidan baƙi suke fara kafawa.

Wannan gado ya yi amfani a shekarun soja. Bayan 4 ga Yuni 1979 aka matsa wa 'yan kasuwa da ƙayyadadden farashi. An yi wa mata bulala a bainar jama'a bisa zargin ɓoye kaya, abin da ake kira kalabule, kuma a watan Agusta aka rushe kasuwar Makola a Accra. Musulunci ya haramta ɓoye abinci don ya yi tsada, babu jayayya a kan haka, amma tozarta mace a tsakiyar kasuwa ba hukunci ba ne, zalunci ne. Rawlings ya dawo ranar 31 ga Disamba 1981 da dokar hana fita da dare. Sannan 1983 ta zo da fari da gobarar daji, ga kuma kusan 'yan Ghana miliyan ɗaya da Najeriya ta koro. Mutane sun rame har ƙashin wuya ya fito, aka sa masa suna sarƙar Rawlings. A Aboabo da Asawase da Sabon Zango, abin da ya rage wa talaka shi ne bashin mai koko da ƙosai, da adashin mata, da kwanon tuwo da ake aikawa maƙwabta bayan magariba. Ba wanda ya rubuta lissafin waɗannan kwanuka.

Sai dai akwai wurin da tsohon tsarin ya gaza, kuma ɗalibai su lura da shi. A watan Agusta 1957, watanni kaɗan bayan samun 'yancin kai, gwamnatin Nkrumah ta kori Alhaji Amadu Baba da Alhaji Usman Ladan, manyan Zangon Kumasi masu goyon bayan 'yan adawa, zuwa Najeriya. Sun shigar da ƙara cewa su 'yan Ghana ne, majalisa ta yi doka ta musamman da sunayensu, shari'ar ta mutu. Ranar 18 ga Nuwamba 1969 gwamnatin Busia ta ba duk baƙon da ba shi da takardar zama mako biyu ya bar ƙasa. An sayar da gidaje da shaguna a farashin banza, an raba miji da mata, mutanen da aka haifa a Kumasi suka hau mota zuwa garuruwan da ba su taɓa gani ba. Mai gida yana iya tsaya wa baƙo a gaban dillali, liman yana iya shaidar ranar sunan yaro, amma jami'in gwamnati takarda yake nema.

Har yau, idan ɗan Zango ya je yin katin ɗan ƙasa ko fasfo, sunansa kaɗai yakan jawo masa tambayoyin da ba a yi wa wani: ina aka haifi mahaifinka, ina garin kakanka. Amsar da ake karɓa ita ce takardar haihuwa. Mafi sauƙin lokacin yin ta shi ne kafin yaro ya cika shekara ɗaya, kuma babu abin da ya hana iyaye su haɗa ta da shirin ranar suna, tare da ragon.