Tsere Tsakanin Hawan Magma da Fitar Gas: Nazari a Kan Aman Wutar Sant Helens da Tarawera

Tsakure

Maƙalar ta duba dalilin da ya sa magma iri ɗaya kan tarwatse yau, gobe kuma ta fito salin-alin. Ta dogara da aman wuta biyu wajen nuna cewa saurin hawa da samun mafitar gas sun fi yawan silika tasiri.

Gabatarwa

An daɗe ana koyar da cewa kauri ne ke raba aman wuta mai tsanani da mai sauƙi. Magmar basalt, mai silika kashi 45 zuwa 52 cikin ɗari da zafin digiri 1,000 zuwa 1,200, tana kwarara. Irin wannan ce Dutsen Kamaru ya zubar a 1999. Rayolait, mai silika wajen kashi 70, danƙo ne da ita. Bayanin gaskiya ne, amma bai isa ba.

Yadda kumfa ke aiki

A can ƙasa, matsi ne ke riƙe ruwa da kabon dayoksaid a narke cikin magma. Da ta fara hawa sai matsin ya ragu, gas ya fita, kumfa ta tsiro tana kumbura. Masani Sparks ya nuna a 1978 cewa idan kumfa ta kai kusan kashi 75 na girman magmar, sai magmar ta farfashe ta zama toka. Eichelberger da abokan aikinsa sun kawo gyara a 1986: idan hawan na sannu ne, kumfar kan haɗe ta zama hanyoyi, gas ya sulale ta bangon maƙogwaron dutsen.

Sant Helens a Amurka ta tabbatar da haka. Ranar 18 ga Mayu 1980 gefenta na arewa ya zaftare, matsi ya sauka farat ɗaya, toka ta haura kilomita 20 sama. Daga Oktoban shekarar zuwa 1986 kuwa, irin magmar nan dai, wato dasait, ta riƙa turowa a hankali tana tara tudu a bakin ramin. Abin da ya sauya shi ne lokacin da gas ya samu na ficewa.

Tarawera ta Niyu Zilan ce ta fi ba masu ra'ayin silika wahala. Basalt ce ta fito ranar 10 ga Yuni 1886, amma ta tsaga rami mai tsawon kusan kilomita 17 da fashewa mai tsanani. Fitar ruwa daga magma na sa ƙananan ƙwayoyin ma'adinai su ƙanƙare a cikinta tun tana kan hanya, sai ruwa-ruwanta ya yi kauri kamar talge a kan wuta, kumfar ta rasa mafita. Haɗuwar magmar da ruwan Tafkin Rotomahana ta ƙara wa abin ƙarfi, kuma wannan ne ke wahalar da ware rabon kowane dalili. A ganin wannan nazari, ƙididdigar ƙwayoyin da ke cikin tokar ce hujja mafi ƙarfi, domin yawansu na nuna saurin da matsi ya ragu.