Shari'a Saɓanin Hankali: Shekara Ashirin a Kan Gadon Gwandu

Ranar Laraba 4 ga Yuni 2025, saura kwana biyu Babbar Salla, Kotun Ƙoli ta Nijeriya ta rufe shari'ar sarautar Gwandu. A ranar, shekara ashirin da kwana ɗaya ke nan da tuɓe Sarki na 19, Alhaji Mustapha Haruna Jokolo. Alƙalai biyar suka zauna, uku suka rinjayi biyu. Mutanen Gwandu sun yi shekara ashirin suna jiran a gaya musu ko an tuɓe sarkinsu bisa ƙa'ida ko an zalunce shi. Amsar da suka samu ita ce tun farko mai ƙara bai shigo ta ƙofar da ta dace ba, domin bai fara kai kukansa ga gwamna ba kafin ya nufi kotu.

Hausawa kan ce shari'a saɓanin hankali, kuma sukan faɗe shi da sigar haƙuri, kamar yadda ake maganar fari ko ambaliya. Ni dai ina ganin tarihin wannan gado ya nuna cewa saɓanin ba daga sama ya sauko ba. Mutane ne suka ƙulla shi, mataki bayan mataki, kowanne yana da hanya mai sauƙi a gabansa ya bar ta.

Sai an koma baya kafin a gane nauyin abin da aka yi wasa da shi. A 1812 Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya raba kula da daula gida biyu: gabas ga ɗansa Muhammadu Bello, yamma ga ƙanensa Abdullahi. Daga wannan rabo Gwandu ta zama cibiyar da Nupe da Ilori da ƙasashen da ke bin Kwara har cikin Nijar da Burkina Faso na yau suke duba. Abdullahi kuwa masanin shari'a ne kafin ya zama mai mulki. Shi ne wanda tun jihadi bai ƙare ba ya ga son duniya ya fara shiga zukatan jama'a, ya kama hanyar gabas da niyyar barin komai, mutanen Kano suka tsayar da shi, ya rubuta musu Liya'ul Hukkami a kan yadda ake mulki da hukunci.

Rikicin gado na farko a wannan gida ya fi na 2005 haɗari nesa ba kusa ba. Da Shehu ya rasu a 1817 aka yi wa Bello mubaya'a, alhali Abdullahi ne babba a shekaru da ilimi. Ya iso Sakkwato ya tarar an rufe ƙofa, ya juya. Aka yi 'yan shekaru ana zaman doya da manja, kowanne da rundunarsa. Wajen 1820 masu tawaye suka kafe a Kalambaina ta ƙasar Gwandu, suka gagari Abdullahi, Bello ya taso da mayaƙansa ya taimaki baffansa. Ruwayar da aka gada ta ce bayan an ci garin, Bello ya yi haramar sauka daga doki don ya gai da baffa, Abdullahi ya yi masa ishara ya zauna, shi ya gaishe shi a matsayin Sarkin Musulmi. Ko an ƙawata labarin a bakin masu ba da shi, sakamakon ba ya ɓoyuwa: gidajen biyu sun zauna da juna har zuwan Turawa a 1903. Mutum biyu masu dawaki da makamai suka kashe wutarsu cikin shekara uku ko huɗu, ba lauya, ba ɗage zama.

Tuɓe sarki da alƙalamin hukuma da kai shi can wata uwa duniya, wannan Turawa suka mayar da shi tsari. A 1906, bayan tawayen Satiru, suka zargi Sarkin Gwandu Muhammadu da goyon bayan masu tawayen, suka cire shi suka kai shi Lakwaja, garin da suka tara sarakunan da suka tuɓe, har da Alu na Kano. Suka naɗa Haliru, fada ta koma Birnin Kebbi kusa da Razdan. Tun daga lokacin garin Gwandu ya rage da suna da hubbaren Abdullahi, mulki yana wani wuri. Daga baya suka rubuta al'adar tasu ta zama doka: ta naɗawa da tuɓe sarakuna a 1930, ta korar waɗanda aka tuɓe daga ƙasarsu a 1933. Turawa suka tafi a 1960, aka sauke tutarsu, amma ba a sauke wannan sanda ba. Da ita aka kai Sarkin Kano Sanusi na ɗaya Azare a 1963, da irinta aka kai Sarkin Musulmi Ibrahim Dasuƙi Zing a 1996.

Jokolo ya hau gado a 1995 bayan rasuwar mahaifinsa, Sarki Haruna Rashid, wanda ya yi shekara arba'in da ɗaya yana sarauta. Tsohon soja ne, shi ne dogarin Janar Muhammadu Buhari lokacin da yake shugaban ƙasa, kuma an san shi da faɗin abin da ke ransa. A farkon 2005, lokacin da shugabannin Musulmi ke ƙorafi a kan yadda aka raba kujerun taron ƙasa da Shugaba Obasanjo ya kira, muryarsa na cikin waɗanda suka fi ɗagawa. Ranar 3 ga Yuni gwamnatin Muhammadu Adamu Aliero ta sanar da tuɓe shi. Ta zarge shi da kalaman da za su iya taɓa tsaron ƙasa, da rashin jituwa da sauran sarakuna, da barin fadarsa yana zama Kaduna. Aka ɗauke shi zuwa Jihar Nasarawa, Lafiya da farko, sannan Obi. Aka naɗa Alhaji Muhammadu Iliyasu Bashar, Manjo Janar mai ritaya, tsohon gwamnan soja na Gongola, a matsayin Sarki na 20. Duka biyun jinin Abdullahi ne, duka biyun sojoji ne, duka biyun sun yi aiki a gwamnatin Buhari guda.

Nan hankali ya fara kuɓucewa. Dokar sarakunan jihar ba ta hana gwamna tuɓe sarki ba. Abin da ta nema kaɗan ne: a yi bincike, a tuntuɓi majalisar sarakuna. Kotuna biyu daga baya sun tabbatar ba a yi ko ɗaya ba. Idan zarge-zargen suna da tushe, binciken 'yan makonni da ya fito da su fili, ya kuma toshe bakin kowa. Idan ba su da tushe, da ya ceci gwamnati daga abin kunya. Ta kowace fuska bin dokar ya fi wa mai mulki riba. Amma mai iko kan ɗauki tambaya a matsayin raini, sai aka yi cikin yini ɗaya abin da aka shafe shekara ashirin ana ƙoƙarin karewa. Kora zuwa Nasarawa kuwa ba ta da mazauni ko kaɗan a ƙarƙashin tsarin mulkin 1999, wanda sashe na 35 da na 41 suka ba kowane ɗan ƙasa 'yancin walwala da na zama inda ya so. Kotun Ɗaukaka Ƙara ta faɗi haka a 2013 a kan wannan magana ta Jokolo. Duk da wannan hukunci, a Maris 2020 aka tuɓe Sarkin Kano Muhammadu Sanusi na biyu aka kai shi Loko da Awe, a cikin Jihar Nasarawan dai, sai da wata kotu ta sake maimaita karatun a 2021.

Sai ɓangaren kotuna, inda abin ya fi ban takaici. Ranar 11 ga Disamba 2014, shekara tara da rabi bayan tuɓewar, Babbar Kotun Jihar Kebbi ta ce an saɓa doka, a mayar da Jokolo. Gwamnati ta ɗaukaka ƙara. A Afrilu 2016 Kotun Ɗaukaka Ƙara da ke Sakkwato ta tabbatar da hukuncin. Aka wuce Abuja, fayil ya kwanta shekara tara ana ɗagawa. Da ranar ta zo, hukuncin masu rinjaye, wanda Mai Shari'a Emmanuel Agim ya jagoranta, ya ce rashin kai koke ga gwamna tun farko ya sa kotunan ƙasa ba su da hurumin sauraron ƙarar, don haka duk abin da suka yanke ya rushe. Alƙalai biyu suka ƙi yarda.

Hukuncin Kotun Ƙoli ya zauna, babu wata kotu a samanta, kuma ba aibi ba ne doka ta ce a nemi sulhu a gida kafin a fita waje. Abin tambaya shi ne lokaci. Maganar hurumi ita ce farkon abin da ake dubawa, kamar yadda mai gini ke duba ƙasa kafin ya aza tubali. Tambaya ce da takarda guda ke amsawa: an rubuta wa gwamna ko ba a rubuta ba? Tsarin da zai bar irin wannan tambaya ta rayu shekara ashirin, ta haye kotu uku, sannan ta rusa duk abin da aka gina a kanta, ya cuci wanda ya faɗi, ya kuma cuci wanda ya yi nasara. Da an faɗi wannan magana a 2006, mai ƙara yana da damar gyarawa, wanda ke kan gado kuma da ya huta. Akwai kuma abin da talaka ba zai taɓa ganewa ba, ko da an karanta masa sashen sau goma: yaya za a ce wanda aka ɗauke daga fadarsa aka tsare a wata jiha ya fara kai kuka wurin ofishin da ya sa aka ɗauke shi?

Mai son kwatanci ya dubi Ikko. A 1925 Turawa suka tuɓe Eleko Eshugbayi suka kore shi zuwa Oyo. Lauyoyinsa suka bi maganar har majalisar shari'a ta Sarkin Ingila a Landan, ba sau ɗaya ba, a zamanin da takarda ke tafiya cikin jirgin ruwa. A 1931 ya dawo gida. Shekara shida ke nan, a ƙarƙashin mulkin mallaka. Gwandu ta ninka wannan sau uku da ɗoriya a zamanin wayar hannu, ta ga gwamnoni huɗu: Aliero, Sa'idu Dakingari, Atiku Bagudu da Nasir Idris. Biyun tsakiya sun gaji rigimar da ba su suka haddasa ta ba, suna da damar zaunar da 'yan gida ɗaya a yi irin ta Kalambaina, amma shari'ar ta wuce su tana nan da ranta. Yaron da aka haifa a Kalgo a makon da aka tuɓe sarki ya isa zama ɗalibi a Jami'ar Tarayya da ke garinsu ranar da aka yanke hukunci, jami'ar da ba a ma kafa ta ba sai 2013.

Wani zai ce wannan faɗan 'ya'yan sarauta ne, ina ruwan manomin shinkafa a fadamar Kalgo ko mai saƙa a Gwandu? Ruwansa yana cikin tsaro. Tun da aka karɓe 'yan doka da kotuna daga hannun En'e a ƙarshen shekarun 1960, aka kuma yi gyaran ƙananan hukumomi na 1976, sarki ba shi da kurkuku, ba shi da bindiga, tsarin mulkin 1999 ma bai ba shi wani aiki ba. Abin da ya rage masa shi ne sarƙar nan ta mai unguwa zuwa dagaci, dagaci zuwa hakimi, hakimi zuwa fada. Ta wannan sarƙa ake sanin baƙon da ya sauka, da shanun da aka shigo da su kasuwa cikin dare, da saɓanin manomi da makiyayi tun bai kai ga zubar da jini ba. Ƙarfinta kwarjini ne kawai. Duk lokacin da gwamna ya nuna cewa sanarwar rediyo ta isa ta cire rawani, dagaci yana koyon cewa faranta wa ɗan siyasa ya fi masa amfani da faɗin gaskiya. Duk shekarar da kotu ta bar gado cikin shakka, ana ba masu tsegumi abin rarraba kawunan jama'a.

Ba zan ce shari'ar Gwandu ce ta jawo 'yan bindiga ba, wannan zai zama ƙari a kan gaskiya. Amma a lura da jerin shekarun. Sarkin Gwandu shi ne shugaban majalisar sarakunan Kebbi, shi ake sa ran ya tara Argungu da Yawuri da Zuru su yi magana da murya ɗaya. Daga 2014 zuwa 2025 wanda ke kan wannan kujera yana aiki ne alhali akwai hukuncin kotu da ya ce a mayar da wani. A cikin waɗannan shekaru jirgin ruwan da aka cika maƙil ya nutse kusa da Wara a Mayu 2021 da mutane sama da ɗari. A watan da ya biyo baya aka kwashe ɗalibai daga Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yawuri. A Nuwamba 2024 Lakurawa suka kashe aƙalla mutum 15 a Mera ta ƙaramar hukumar Augie, bayan sun daɗe suna kai da komo a dazuzzukan iyakar Nijeriya da Nijar, mutanen ƙauyuka suna ganinsu da idanunsu. Duk waɗannan abubuwa ne da ido da kunnen ƙauye ke riga na hukuma sani, in akwai mai saurare. Gwamnatoci kuwa sai bayan hari suke tunawa da sarakuna, su kira su taro a Birnin Kebbi, su roƙe su su sa ido a kan baƙi.

Dokar da aka yi wannan doguwar tafiya a kanta jikanyar ta 1930 ce, kuma hukuncin 2025 bai rage wa gwamna ko ƙwayar zarra daga ikon da take ba shi ba. Ya ma ƙara wa duk sarkin da za a tuɓe nan gaba sharaɗi guda: kafin ya nemi alƙali, sai ya fara rubuta wa wanda ya tuɓe shi.