Zaɓen ƙwai ba ya sa kaza ta ƙyanƙyashe mata zalla

Mahaifina fataucin shanu yake yi, ni kuwa kaji nake kiwo a bayan gidanmu a Sabon Ibadan. Bara aka ce mini ƙwai mai zagaye mace ce, mai tsini kuma zakara. Na tsince masu zagaye goma na sa wa kaza, shida suka fito zakaru.

Gaskiyar magana, namiji ko mace ya riga ya tabbata tun ƙwan yana cikin kaza. A shanu daga bijimi abin yake, a kaji kuwa daga uwar ne, kuma siffar ƙwai ba ta nuna shi. Yawanci rabi da rabi ake samu.

Masu injin ƙyanƙyasa, ku bar zafi a digiri 37.5 har kwana 21. Ragewa ko ƙarawa ba ya mai da zakara kaza, asarar ƙwai kawai za ku yi.

Kana son mata goma? To sa ƙwai 24 a raba wa kaji biyu, don wasu ba za su ƙyanƙyashe ba. Wajen sati shida zanko zai fara nuna zakarun. Kiwata su zuwa Kirsimeti, lokacin kaji na tsada a nan kudu.